Hatimin da Ba Wanda Ya Nema

A makarantar mishan ta Damagaram, inda mahaifina ya sa ni duk da surutun dangi, an koya mini cewa takarda ba a taɓa ta da hannu mai datti, ba a naɗe ta, kuma kwafinta ba kome ba ne sai mai iko ya sa hannu ya buga hatimi. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa karɓar dosiye, wato kundin takardu, da ya rasa tambur, kan sarkin hukuma, ko guda ba. Da na ajiye aiki na gina gida a unguwar Bobiel ta Yamai, sai na tara takardun iyalina duka a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona, mabuɗin kuma kullum yana aljihuna.

Ɗiyata ta ƙarshe, auta, rubuta manhajar ordinater, wato kwamfuta, ta karanta. Tun lokacin da ƙungiyoyin waje suka tattara kayansu suka bar Yamai, ofishin da take ɗan aiki ya rufe. Shekara biyu ta yi a ɗaki. In wuta ta zo ta buɗe na'urarta ta nemi aiki, in an ɗauke ta fito tsakar gida ta taya uwarta tsince shinkafa. Ta rame, ta daina zuwa bikin ƙawayenta, domin ta gaji da tambayar ina take aiki yanzu.

Ranar Lahadi da la'asar nakan zauna a ƙofar garejin maƙwabcina, wani makanise mutumin Maraɗi mai son tseren motoci kamar ransa. Yakan haɗa tele da batirin mota don kada ɗauke wuta ya katse masa kallo.

"Mushe, dubi nan!" in ji shi, domin haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu. "Sun canja taya huɗu kafin ka ƙifta ido. Kai a lakwal ɗinka, makarantar taka, kafin ka fiƙe fensir an gama tseren, an raba kofi."

Na ce, "Wanda ya ɗaura taya da wannan gaggawa bai ɗaura ta ba, jingina ta ya yi."

Wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke zama da mu ya ce yanzu da muka karɓi ƙasarmu a hannunmu, nan gaba kaɗan mu ma za mu ƙera irin waɗannan motoci. Makanise ya ce a fara zuba kwalta a Bobiel tukuna, ko a jaki ne ma yi tseren. Daga nan tsohon ya juyo kaina.

"Ita ɗiyar taka har yanzu tana danne-dannen? An ce yanzu na'ura da kanta take rubuta abin da suke rubutawa. Ka sa ta jarrabawar shiga aikin gwamnati, Mushe, ko sakatariya ce ta samu."

A zuciyata kuwa ra'ayina bai yi nisa da nasa ba. Aikin da ba shi da ofis, ba shi da shugaban da za ka gaida da safe, ban taɓa ɗaukarsa aiki ba.

Washegari Litinin auta ta shigo ɗakina ta durƙusa. Wani kamfani na ƙasar waje ya yi mata jarrabawa uku ta na'ura, ta ci duka. Za ta yi musu aiki daga ɗakinta. Abin da ya rage kawai ta tura musu difilom ɗinta da takardar makinta kafin ƙarfe huɗu na yammar Alhamis, lokacin da shafin kamfanin na intanet zai rufe kansa.

"Abba, hoto kawai suke so. Ka buɗe akwatin in ɗauka da salula, minti ɗaya."

Na ce mata hoton salula ba takarda ba ne. Na ce ɗiyata ba za ta shiga gaban mutanen da ba su san mu ba da dosiye irin na ƴan kasuwa. Za a yi fotokopi, a manna tambur, a kai wa hukuma ta tabbatar, sannan a tura.

"Ba su ce a buga hatimi ba, Abba."

"Ba sai sun ce ba. Mai tarbiyya ya san abin da ya kamata."

Ta sunkuyar da kai ta fita. Haka na tarbiyyantar da ita, ba ta maimaita mini magana sau uku.

Ran nan na yi fotokopi na sayi tambur. Talata na sa babbar riga na tafi ofishin da ake tabbatar da takardu a tsakiyar gari, aka ce mai sa hannu yana taro. Laraba na koma, aka ce an kwashe manyan ofishin zuwa gangamin goyon bayan gwamnati. Magatakardan ya ce in bar takardun, na asali da kwafin, a kan teburin shugaba, don su zama na farko gobe. Tsarin ya yi mini daidai, na bari. Da na dawo gida auta ta tare ni a ƙofa ta dubi hannuna, ta ga babu kome.

"Har na asalin ka bar musu?"

Na ce haka doka take. A lokacin ne na fara jin tsoro, amma ban nuna ba.

Alhamis da safe ita da kanta ta je ta roƙi makanise ya kai ni a motarsa ya jira ni. Na zauna a benci tun ƙarfe takwas. Ni da ban taɓa roƙon ƙaramin ma'aikaci ba, sau biyar na tashi na tsaya a gaban magatakarda, yaron da bai kai ɗalibaina na ƙarshe shekaru ba, ina ce masa ranka ya daɗe. Ƙarfe uku da kwata aka miƙo mini takardun, hatimi ya fito sarai, sa hannun shuɗi.

A bakin mota makanise ya zaro salularsa. "Kawo in ɗauka in tura mata, Mushe, mu huta."

Na ce a'a. Minti arba'in da biyar sun isa Bobiel, kuma hoton a kan tebur mai tsabta za a ɗauke shi.

Ba mu yi nisa ba muka tarar an toshe babbar hanya, jama'a da tutoci da kalangu sun cika ta. Makanise ya juya ya shiga lungunan unguwar Dar es Salam yana gudu irin wanda yake gani a tele, muna faɗawa ramuka, awaki na watsewa. Ni da na yi shekaru ina yi masa faɗan gaggawa, sai ga ni ina dukan gaban motar ina cewa ƙara, don Allah ƙara. Sai muka nutse a rairayi, tayoyin baya na juyawa a wuri ɗaya. Ƙarfe huɗu saura kwata.

Makanise ya miƙo hannu. "Kawo takardun."

Na dubi hannun, baƙin mai har cikin farce. Na ce ya wanke tukuna. Ina rubuta wannan ne don kada in sassauta wa kaina: na tsaya a tsakiyar lungu ina neman ruwa da sabulu a gidan mutane, ɗiyata na ta kiran ƴar salulata wadda ba ta ɗaukar hoto.

"Mushe, wallahi yau zan yi maka rashin kunya!" Ya fizge ambulan ɗin, ya shimfiɗa difilom a kan murfin inji, ya danne da babban yatsa, ya ɗauka, ya tura. Amma taron da ya toshe hanya ya toshe rezon waya ma. Muka tsaya kai da kai muna kallon ƴar da'irar nan tana juyawa a fuskar salular. Ya ɗaga salular sama, ya hau kan motar, ya sauko. Hoton ya isa wurinta ƙarfe huɗu da minti uku.

Da na shiga gida na same ta zaune gaban na'urar, hannuwanta a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo mini ruwa.

Ta rubuta wa kamfanin tana ba da haƙuri. Yau sati bakwai, babu amsa. Kowace safiya nakan tsaya a ƙofar ɗakinta in tambaya, ta ce, "Ba su rubuto ba, Abba." Na daina zuwa gareji ranar Lahadi. Jiya na ji ta tana tambayar uwarta yaushe ake buɗe jarrabawar sakatarori.

Na ciro mabuɗin akwatin daga aljihuna na ajiye mata a gefen na'urarta. Kwana huɗu ke nan yana nan inda na sa shi. Difilom ɗin kuma yana kan teburina, da shatin baƙin yatsa a kusurwarsa ta dama, ban san wanda zan je in roƙa a sake buɗe mata shafin ba.