Sirdin keken surukina

Shekarun baya, a hunturuna na farko a Amurka, ina zaune gidan 'yata da mijinta a Summerfield, gefen Greensboro. Ni da na shekara talatin ina gyaran keke a bakin kasuwa, sai ga ni ba aikin fari ba na baƙi, daga ci sai kallon kurege ta taga.

Surukina yana da wani keken shiga daji mai abin mamaki. Ka danna ɗan ƙarfe a hannu, sirdi ya nutse. Ka sake dannawa, ya taso kamar an kira sunansa. Duk Asabar yakan fita da abokansa, ya dawo tayar baya ta watsa wa sandar sirdin jar laka. Tsakaninmu akwai kunya, daga gaisuwa sai gaisuwa, don haka ban tambaye shi komai ba. Na dai ƙudurta zan nuna masa cewa tsohon nan ba cima-zaune ba ne.

Yana tafiya aiki na shige gareji, na lafta wa sandar giris, yadda nake yi wa kekunan masu itace a gida.

Ashe giris da yashi masoya ne. Ranar Asabar sai ga shi tafe, gwiwoyi na gaida kunnuwa, sirdi ya nutse ya ƙi tasowa. Ya sauka, ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da aiki."

'Yata ce ta tare ni a kicin.

"Baba, kai ka taɓa keken nan?"

"Wane keke?"

"Wanda giris ɗinsa ke hannun rigarka. Tun daga daji ya tuƙo kamar kwaɗo, kuma ya hana ni yi maka magana. Don Allah ka bar shiga garejin nan."

Wannan ta yi mini zafi, don gareji ne kaɗai wurin da nake jin ƙanshin gida.

Bayan an wanke sandar, na zauna na yi tunani da ɗan kan nan da bai wuce aji uku ba. Maganin laka shi ne kada ta iso. Na saɗaɗa na tsinto tsohon tiyub na tayar keke a shara, na tsaga shi, na ɗaure baki ɗaya ƙarƙashin sirdi, ɗayan a jikin keke don ya kare sandar ta baya, na bar shi sako-sako don ya lanƙwashe in sirdi ya sauka. Giris kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Asabar ta zagayo, ya dawo roba ta sha laka, sanda tana ƙyalli. Ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da aiki." Washegari na tarar da tsofaffin tiyub uku a ƙofar ɗakina, da kekunan abokansa uku a gareji.

Har yau bai taɓa ambaton giris ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri da baki ba. Amma duk shekara, da sanyi ya kama, sai in buɗe ƙofa in ga tiyub a ajiye. Hirarmu ke nan ni da surukina, kuma wallahi ta ishe ni.