Dung Pam, Nas ɗin da Ke Huda Yatsa Kafin Ya Rubuta

Ƙarfe shida na safe Dung Pam yake kulle ƙofar gidansa a garin Largo, nan ƙasar Turawa, da kwanon gwaten acca a jaka, da 'yar na'urar gwajin suga a aljihun riga. Asibitin da yake aiki yana da irin wannan na'ura kamar a zubar, amma shi sai tasa, wadda ta koɗe har lambobinta sun fara gogewa. Shekara ashirin da uku yana nas a sashen gaggawa, a teburin farko da ake tantance wanda za a fara gani. Wannan makon ya ajiye aiki, gwiwoyi sun ce ya isa haka.

Ƙananan nas-nas suna tsokanarsa cewa ko sallama ka shigo yi masa sai ya huda maka yatsa. Ba ƙarya suka yi ba. Duk wanda aka kawo yana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, gumi ya jiƙa shi, Dung ba ya barin a rubuta komai a kansa sai an ɗiga jini an ga lamba. Sun ɗauka tsufa ne. Kaɗan ne suka san cewa kalma ɗaya ce ya taɓa rubutawa da hannunsa ta mayar da shi haka, kuma tun daga lokacin yake jiran yafiyar wata mata a garin Hyattsville da ke kusa.

Kalmar ita ce "inebriated". Ma'anarta mutum ya bugu, ba ƙari ba ragi. Sai dai ba za ka ji ta a bakin titi ko a mashaya ba, kuma babu mai faɗinta a kan kansa. Kalmar takarda ce, ta ɗan sanda da likita da alƙali, maye ne aka sa masa kwat da nektai. Idan maƙwabci ya ce wane ya sha ya yi tilis, ana iya cewa ƙiyayya ce. Idan aka buga wannan a takardar asibiti, da kwanan wata da sa hannu, babu mai musu. Mugun abinta ke nan.

Dung ya koye ta a shekararsa ta biyu a ƙasar nan, lokacin da ake sa shi maimaita magana sau uku saboda harshensa na mutumin Bukuru ta kusa da Jos, shi kuwa yana neman manyan kalmomi ya kare kansa da su. Wata rana da la'asar, cikin watan azumi, motar asibiti ta kawo wani mutum da aka tsinta a zube a tashar bas. Sunansa Issah, mutumin Zangon Kumasi, mai sauke kaya a wani shagon kayan abincin Afirka. Waɗanda suka kawo shi suka ce giya ce, surutai kawai yake yi. Dung ya sunkuya, sai ya ji ashe Hausa ce.

"Ina azumi," in ji Issah, da ƙyar. "Ɗan'uwa, ina azumi."

A duk ɗakin Dung kaɗai ya gane. Amma shi ɗan mashayin burukutu ne, ya tashi yana kwaso mahaifinsa daga bakin hanya, kuma ya sha ganin masu hula suna laɓawa bayan gidan giya a Jos. Ya ce a ransa ya san irin waɗannan. Layi ya yi tsawo, babbar nas tana ƙwala masa kira. Ya rubuta sabuwar kalmarsa, har yana jin daɗin bai kuskure harafi ba, aka tura Issah baranda ya yi barci giyar ta sake shi.

Babu giya. Ciwon suga ne, ya sha magani da sahur, sugan ya faɗi ƙasa warwas. Da aka waiwaye shi bayan awa biyu, ƙwaƙwalwa ta riga ta taɓu. Kwana huɗu ya yi ya cika.

Rasuwar ba ita ce ƙarshen abin ba. Takardun suka isa hannun matarsa, Mma Bariatu, wadda ba ta karanta Turanci. Ta kai wa wani mai ilimi a cikin jama'arsu, ya tsaya a shafin farko, ya ga kalmar, ya fassara. Gaskiyar tana can shafi na shida, amma wa ya kai can? Kafin sadakar bakwai magana ta game Hyattsville, ta tsallaka har Kumasi: Issah ya mutu a buge, tsakar rana, cikin azumi. Mata suka rage zuwa gaisuwa. 'Ya'yansa biyu suka daina zuwa makarantar Lahadi ta masallaci.

Wata mai goge-goge a asibitin, Furera, 'yar jama'ar su Issah, ita ta kawo wa Dung labarin, ba ta ma san shi ya rubuta ba. A nan ne jinjinata ta fara, domin da ya yi shiru babu mai kama shi. Ya je wurin shugabanninsa ya ce a gyara. Suka ce ba a goge abin da ya shiga fayil, sai dai a ƙara layi a ƙasa, kuma layin zai iya cinye masa lasisi. Ya ƙara layin, ya sa hannu, ya karɓi gargaɗin da aka rubuta masa.

Amma ya san mutanen Zango ba sa karanta ƙarin layi. Ran Juma'a ya je ƙofar masallacinsu ya tsaya. Kirista ne, ɗan Filato, a shekarun da kowace waya daga gida labarin rikici take kawowa. Da aka sallame ya nemi izinin liman, ya yi magana da Hausa.

"Ni ne na rubuta cewa Issah ya bugu. Ƙarya ce. Bai sha komai ba, ko ruwa. Ya gaya mini yana azumi, na ji, na ƙi yarda. Ga takardar gwajin jininsa."

Ya ɗaga takardar sama kowa ya gani. Mma Bariatu ta fito daga ɓangaren mata, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Likita, ka dawo masa da sunansa," in ji ta. "Shi kuma fa?"

Ta wuce. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Dung ya ce da ta zage shi da ya fi samun barci.

Kai ne, Dung, ka ɗauki wannan tambayar ka zuba a aljihu tare da na'urarka. Kai ne kake zagaya masallatai da majami'un mutanenmu duk gabanin azumi, kana roƙon masu suga su ga likita kafin su ɗauka. Raymond, nas ɗin da ka horar, ya ce ranar farko ka ƙwace masa biro ka ce, "Wannan kalmar tana da nauyin gawa. Gwada tukuna." Ya ce a gabansa na'urarka ta tsamo wata tsohuwa da aka riga aka yanke wa hukuncin maye, ta tashi tana tambayar jakarta. Ko wanda gwaji ya nuna giyar ce da gaske, kai ne kake juya shi gefe kada ya shaƙe, ka lulluɓa masa bargo, ka kira shi da sunansa. Duk shekara kana aika wa Mma Bariatu gaisuwar Sallah ta hannun Furera, duk shekara amsar ɗaya ce: ta ji.

Asabar da ta wuce aka yi masa walimar sallama a ɗakin taron majami'arsu. Ana cikin rabon shinkafa sai ga Furera ta shigo riƙe da hannun wata tsohuwa mai sanda. Dung ya miƙe, cokali ya faɗi. Mma Bariatu ta zauna a kujerar da ya tashi, ta huta, sannan ta miƙa masa yatsa.

"Likita, ni ma sugan ya kama ni. Tun safe jiri nake ji. Gwada ni."

Mutumin da ya huda yatsu dubbai sai da ya gwada sau biyu kafin ya samu. Lamba ta fito, ya ce ta ɗan yi ƙasa, ya ɓare mata alewa.

"Tun ranar masallaci na yafe maka," in ji ta, alewar tana bakinta. "Bakina ne ya kasa faɗa. Duk sanda na buɗe shi, sai in ga Issah a barandar nan shi kaɗai."

Dung ya durƙusa a kan gwiwoyin nan da suka sa shi barin aiki, ya yi kuka a gaban kowa. Mu ma mun yi.

Mun gode, Dung Pam. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya jiƙan Issah. Mu kuma da muke riƙe da biro a asibitoci da kotuna da ofisoshin garin nan, muna jin daɗin Turancinmu ya nuna, mu riƙa tunawa cewa abin da muka rubuta cikin daƙiƙa biyar gida zai je, wata mata za ta kai a karanta mata. Issah sau biyu ya ce yana azumi.