Hujin da Yaya ya liƙe

Jiya na ga jikana yana sassauta murfin tankin injin jirgin ruwansa, sai na tuna da ranar da na rasa matata.

Kafin 'yancin kai ne. Muna tsakiyar gulbi wajen Kalgo, matata tana naƙuda, injin da muka aro ya mutu. Na tsotsi tiyo, fetur ko ɗigo. Kafin filafili ya kai mu gaci, ta cika.

Washegari mai injin ya ɓamɓare danƙo daga wani ɗan huji a murfin tankin, ja ɗaya ya tashi. Ashe sai iska ta shiga ta nan fetur ke gangarowa.

Na je wurin yayana, wanda ya shirya mana jirgin, na ce, "Yaya, wa ya liƙe hujin?"

Ya ce, "Ni ne. Tun da nake sana'ar su ban taɓa barin huji a jirgi ba."

Har ya rasu bai ce in yi haƙuri ba. Ku, kun iya yafe wa wanda bai nema ba?