Dokin Kawu da Bahon da Na Wanke

Da na shigo gida daga lakwal, wato makaranta, ran nan, idona bai sauka kan dokin ba, kan bahon ruwansa ya sauka. Yana nan cike har baki kamar yadda na bar shi da safe, da wani busasshen ganyen dalbejiya yana yawo a sama.

Dokin na Kawu ne, yayan Inna. Daga ƙauyensu na bakin kogin Komadugu ya kawo shi gidanmu a Diffa, don tseren nesa da za a yi ran Asabar, a je Shetimari a dawo. Dawakai uku gare shi kafin shekarun gudun hijira. Wannan jan kaɗai ya rage masa.

Kwana biyu ke nan dokin na ture abinci. Kawu ya jiƙa masa gero, ya sa dusa, ya sayo harawa mai ɗanyen ganye. Sai dokin ya ɗan taɓa ya ɗaga kai. Ganin haka Kawu ya ƙara masa kanwa, wai tana buɗe ciki.

"Dokin ƙauye ne, ya ga birni ya ruɗe," in ji Baba. "Ko kai da ka fara zuwa haka ka yi."

"Ni ai na ci tuwonka, duk da ba daɗi," in ji Kawu. Suka yi dariya, amma ta Kawu ba ta daɗe ba.

Ni ce mai sharar wajen turke, don haka na san abin da ba su duba ba. Kashin dokin ya koma ƙanana, busassu, suna farfashewa a tsintsiya. Ƙasar wajen ba jiƙar fitsari. Kwiɓinsa ya shige, ramin saman idonsa ya yi zurfi. Ba ya sha, kuma an ɗura masa kanwa, kuma jibi zai yi wannan tafiya cikin rana.

Na tsuguna kusa da bahon na sunsuna. Wani wari ya doki hancina. Ranar da za su iso Inna ta ce in wanke shi da kyau, na baƙo ne. Ni kuwa na tuna darasin tsabta da madan, malamarmu, ta yi mana, na ɗauko jabel, ruwan nan mai wari na kashe ƙwayoyin cuta, na wanke shi sau biyu, na cika da ruwan famfo. Kowace safiya haka nake yi, ina jin na kyauta. Dokin da ya tashi yana shan ruwan kogi mai ƙanshin laka, shi na ba wannan.

Ban iya faɗa ba. Ni ko gaisuwa na yi, Kawu sai ya ce, "Ɗaga murya, ƴar lakwal." Na ƙarasa wunin ina zagaya tsakar gida, ina jin kamar kowa zai ji warin jabel a hannuna. A aji, washegari, ban rubuta komai ba. A raina ina ta ganin dokin ya durƙusa a hanya, Kawu tsaye riƙe da linzami.

Da na dawo, na ɗebi ruwan randar Inna a ƙwarya, wanda ya kwana ya ɗauki ƙanshin ƙasa. Na miƙa wa dokin. Dokin ya hura hanci, ya tsaya, sannan ya shanye. Ƙwarya ɗaya dai, kuma tsere gobe ne.

Kawu na zaune kan tabarma yana shafa wa sirdi mai. Na tsaya a bayansa har ya juyo.

"Lafiya, ƴar lakwal?"

"Kawu, ni na wanke bahon da jabel." Na matso kusa da shi. "Don Allah ka sa a kawo masa ruwan kogi a amalanke yau. In bai sha ya ƙoshi ba, kada ka hau shi gobe."