Pak Tukijan Ya Yi Wa Tsuntsu Suna

Duk wanda ya tashi a ƙauyen nan namu na kan tsaunukan tsibirin Jawa ya san wanda ya sa dajinmu ya yi tsit: Pak Tukijan ne. Tun yana saurayi ba shi da sana'a sai kamun tsuntsu. Da danƙo da raga da fito ya kwashe duk wani mai fiffike da murya, ya kai kasuwar birnin Jogja a keji. Murai, tsuntsun nan mai doguwar jela da masu gasar kukan tsuntsaye ke haukacewa a kansa, shi ya fi shan wuya a hannunsa. Sai da ya tabbata babu sauran ko ɗaya, gwiwa kuma ta fara ƙin hawa bishiya, sannan ya tuba. Ba a taɓa ganin tubar da ta san lokacinta kamar wannan ba.

Da mai garinmu, Pak Lurah, ya hana kamu don masu kallon tsuntsu su riƙa zuwa daga birni, sai ya naɗa Pak Tukijan shugaban masu gadin sheƙa. Aka ba shi koriyar riga da hula da madubin hangen nesa, wanda yake ratayawa har masallaci. Amma a rumfar mai kofi ba a daina kiransa Tsintsiya ba, don ya share daji tas. Yakan yi dariya tare da su, abin kuwa yana ci masa rai. Buri ɗaya ya rage masa: ya ji murai na kuka a dajin nan kafin ya mutu, a kuma ce shi ya dawo da shi.

A farkon wata damina Allah ya amsa. Bayan gonarsa ta kofi, cikin kogon wata tsohuwar gora da sarƙaƙiya ta rufe, ya ga murai biyu suna kai da kawo. Bai faɗa wa kowa ba sai matarsa, Bu Wagirah. Ya daure har aka ƙyanƙyashe 'ya'ya uku, daga nan cikinsa ya kasa riƙewa.

"Pak, ka ja bakinka ka yi shiru," in ji Bu Wagirah. "Kai da kanka ka ce murai ba ya son ido."

"Haba Bu, haihuwa ce fa. Kin taɓa ganin an haihu a garin nan an ɓoye kamar abin kunya?"

Nan kam ya yi gaskiya. A garinmu saniya ta haihu walima, an sayi babur walima, an haƙa rijiya walima. Ba a yarda abu ya zauna lafiya sai an dafa masa shinkafa an yi addu'a a kansa.

Pak Lurah na jin labari ya miƙe. "Pak Tukijan, wannan suna ya fi ƙarfin gidanka. Babban jami'in gunduma zan gayyato. Sai dai a gyara wurin, ba ma kai baƙo cikin ƙazanta ba."

Aka yi gayya. Maza da adda, mata da tsintsiya, aka sassabe sarƙaƙiyar nan ƙal, aka share ganye, aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa. Gorar ta tsaya ita kaɗai tsirara, ko makaho ya nuna maka sheƙar. Pak Tukijan ya san abin da ake aikatawa, ya ma fi kowa sani. Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ce masa kujerarsa na sahun gaba, kusa da jami'i, kuma zai yi jawabi. Ya karɓi adda ya taya sara.

Ranar suna aka kafa rumfa, aka zo da dalar shinkafa mai kurkum da soyayyen tempe na waken soya da kaji. Ba a ga abin dariya ba a yanka kaji don taya tsuntsu murna. Da aka rasa inda za a ɗaure lasifika, sai aka ɗaure ta a jikin gorar, tunda masu jego ya kamata su fi kowa ji. Liman ya yi addu'a. Pak Lurah ya gode wa manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su zo ba. Jami'i ya raɗa wa 'ya'yan suna: Slamet, Rahayu da Lestari. Aka yi tafi.

Ana cikin tafin Pak Tukijan ya ɗaga madubinsa. Can kan wata bishiya ya hango uwar da tsutsa a baki, tana matsowa tana komawa. Hayaniyar ta hana ta isa sheƙa. A daidai nan aka kira sunansa, ya tashi ya karɓi abin magana ya yi bayani mai tsawo a kan haƙurin da gadin sheƙa ke bukata. Da ya zauna ya sake dubawa, reshen babu kowa.

Washegari ya je ya laɓe tun da safe. Rana ta take, ba uwa ba uba. Da ya zura hannu cikin kogon, Lestari ta riga ta sandare, sauran biyun suna ta hangame baki. Ya tsaya ya yi kuka shi kaɗai, kukan tsoho mai ban tausayi. Sannan ya sa su a hula ya nufi gida, ya ari keji wurin maƙwabci, ya shiga ɗura musu ƙwan tururuwa da tsinke.

"Sannu da gadi, Pak," in ji Bu Wagirah. "Da can kai kaɗai kake kamawa. Yanzu an ci gaba, har da liman da lasifika."

"Reno nake yi, Bu. Suna yin fiffike zan sake su."

Ya rene su kuwa, don wannan kam aikinsa ne. Suka yi jela, suka yi sheƙi. Da Slamet ya fara kuka, sai ga shi yana kwaikwayon ƙarar ƙyauren ɗaki da kyarkyarar kazar Bu Wagirah, don su kaɗai ya taso yana ji.

Ranar saki bai gaya wa kowa ba, ko ruwan shayi ba a dafa ba. Shi da matarsa suka kai kejin bakin daji, ya buɗe. Tsuntsayen suka tashi suka sauka kan reshe, suka ƙare wa dajin kallo kamar ɗan birni da aka kai gona. Pak Tukijan ya juya da sauri ya kama hanya, zuciyarsa na roƙon Allah kada su biyo shi. Bai kai ƙarshen gona ba ya ji fiffike a bayansa. Suka dira kan kejin da ke hannun Bu Wagirah, suka shige ciki, suka buɗe masa baki suna karkaɗa jiki.

Ya daɗe a tsaye yana saurare ko daji zai ce wani abu. Bai ce ba.

"Rufe musu ƙofa, Pak," in ji Bu Wagirah a hankali. "Akwai mage a gida."

Ya sa hannu ya rufe.