Karatun da Na Yi wa Makaho Daga Littafin Gyaran Famfo

Bari in faɗa tun yanzu kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Kuna ganina da furfura da tasbaha, kuna ce mini Baba. To, Baban nan naku ya yi wata ashirin a gidan kaso, kuma ba a kan siyasa ba, balle in yi ta alfahari. Littattafai na sata. Ku yi dariyarku ku gama, sannan ku karanta da hankali.

Ni Bagobiri ne. Na yi lakwal har aji shida, na zauna jarrabawar sartifika sau biyu, sau biyu tana ƙina, sai na bar mata wurin. Na zo Yamai da ɗan Faransancina wanda bai cika tiya ba. Na yi dako a kasuwar Wadata, na yi gadi, na yi yawon kai takardu a wani ofis. Har na kai shekara hamsin ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. A da nakan ce tsoron Allah ne. Yanzu na gane ban dai taɓa zama kusa da abin da babu mai kallonsa ba.

Sai na sami aiki a unguwar Dar es Salam, gidan wani tsoho Bazabarme, Mushe Hamani, kamar yadda ake kiran malaman lakwal. Shekara talatin ya yi yana koyar da filo a lise, babbar sakandare, darasin nan na tunanin masanan Turai da ke sa 'yan ajin ƙarshe ciwon kai kafin jarrabawar bak. Ciwon sukari ya cinye masa idanu, matarsa ta rasu, 'yarsa Ramatu kuma ungozoma ce a Dosso, sai ƙarshen wata take zuwa. Ita ta ɗauke ni: shara, cefane, jan tsohon zuwa masallaci, da karanta masa littafi.

Ranar farko da ya ji ni Bagobiri ne, ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah da ya kawo masa bawansa har gida. Na ce masa ban taɓa ganin ubangijin da bawa ke ja a gaba ba. Kun san tsakaninmu da Zabarmawa akwai wasan taubashi, kowa na faɗa wa kowa abin da ya ga dama, ba fushi. Daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Bagobiri.

Ɗaki guda ya ware wa littattafansa, kanta huɗu, daga bango zuwa bango. Kowane littafi ya yi masa riga da takardar buhun siminti, kamar yadda ake yi wa na 'yan lakwal, saboda ƙura. Bai iya ganinsu, amma yatsunsa sun san mazaunin kowa. Yakan bi kanta yana shafawa, ya zaro ɗaya, ya sunsuna, ya miƙo mini. Ya gaya mini burinsa tun satin farko: zai fara daga kantar sama har ta ƙasa, ya sake jin kowannensu sau ɗaya kafin ya mutu. Ya ce abokan zamansa ne, bai kamata ya tafi bai yi musu ban kwana ba.

Kullum da hantsi muna baranda, shi a kujerarsa, ni a tabarma, ina tuntuɓe da kalmomi. In na karya wata kalma da yawa sai ya ce: “Bagobiri, mutumin nan ya daɗe da mutuwa, kada ka sake kashe shi.” Sannan ya warware mini maganar da Hausarsa ta kasuwa. Ni kuwa, gaskiya, na ji daɗin mutanen nan. Akwai wanda ya zauna yana shakkar komai, har hannunsa bai yarda nasa ba ne sai da hujja. Akwai masu gardama a kan dalilin da ya sa mutane suka yarda wani ya mulke su. Akwai wani malamin Kirista na zamanin da, wanda ya cika shafuka da nadama don ya saci 'ya'yan itace yana yaro. Wannan na yi masa dariya har da hawaye, na ce wa Mushe da a Wadata ya girma da bai rubuta komai ba. Na taɓa tambayarsa ko littattafan nan ba su taɓa masa imani ba. Ya ce in tashi in kawo buta, azahar ta yi, in daina fakewa da tambaya.

A gefen kusan kowane shafi akwai rubutun hannunsa da jan bik, ƙanana kamar sahun tururuwa. In mun zo wurin yakan ce in karanta masa abin da ya rubuta yana saurayi, ya yi ta yi wa kansa ba'a.

Abin ya fara ne daga tsofaffin jaridu da ke jibge a mangaza, ɗakin ajiyar gidan. Na kai wa mai ƙosai ɗauri guda, ta ba ni ƙosai. Ba wanda ya tambaya. Sai na lura akwai wani littafi da tsohon yake da shi guda biyu iri ɗaya. Na ce me makaho zai yi da biyu? Na kai shi wurin Isufu, mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a bakin hanya kusa da kasuwar Petit Marché. Isufu ya buɗe, ya ga jan bik, ya dube ni. Ya ce irin wannan 'yan bak ke rububi, don malami ya riga ya tauna musu a gefe. In akwai wasu in kawo.

Nan fa na nuna basirar da sartifika ta ƙi gani. In na cire littafi zai bar giɓi, yatsun tsoho za su ji. Sai in tuɓe masa rigarsa ta siminti, in zaɓi wani mai kaurinsa daga tarin da Isufu ya kasa sayarwa, in sa masa rigar, in mayar mazauninsa. Rahoton ayyukan raya karkara, tsohon kundin lambobin tarho, littafin kiwon kaji, duk sun shiga sahun masanan Turai sun zauna. Kuma daga kantar ƙasa na fara. Na yi lissafi cewa da irin jan ƙafar karatuna, tsohon zai mutu kafin mu iso can. Ku sake karanta layin nan. Mutumin da nake ci a kwano ɗaya da shi, na zauna ina auna kwanansa da saurin bakina.

Hujjoji kuwa ina da su kamar lauya. Kayan taubashi ne, ɗauka na yi ba sata ba. Littafin da mai shi ba ya gani, gara ya je hannun ɗalibi. Kada ku zaci yunwa ce ta sa ni. Ramatu ba ta taɓa jinkirta mini albashi ba. A tsire abin ya tafi, da sabon takalmi, da sayen shayi a fada, majalisar samari, don su ce mini patoro, wato maigida.

Wata Talata da hantsi, muna tsakiyar kanta ta biyu, sai tsohon ya ce yau ransa na son wani abu dabam. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya kai hannu kantar ƙasa. Ya zaro ɗaya, ya sunsuna, ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya miƙo mini. Ya ce wannan a kan mulki da talakawa yake magana, in fara daga farko.

Na buɗe. Littafin gyaran famfon ƙauye ne, har da zanen bututu.

Na yi tari, na nemi ruwa, na sha. Sai na sa ido a kan zanen bututun na fara magana da muryar karatu. Na haɗa abin da kunnena ya tsinta a barandar nan, da abin da nake ji a rediyo, da ɗan guntun huɗubar Juma'a, na zuba su cikin Faransancina. Har tuntuɓen ƙarya nake yi don abin ya yi kama. Da na tsaya, ya juya fuskarsa ga bango. Can ya ce: “Ci gaba.”

Ranar nan na taka ƙasa kamar ba ni da nauyi. Na ce ashe abin da Turawan nan suka yi ke nan, zama da surutu. Tsoro ya fita daga raina, na kwashe kantar ƙasa, na hau ta uku. Wata huɗu muna haka. Wani lokaci hannunsa ya faɗa kan na gaske in karanta, wani lokaci ya faɗa kan kiwon kaji in yi waƙata. Sau ɗaya ya ce in karanta masa abin da ya rubuta a gefen shafin. Na ce jan bik ɗin ya koɗe, ba ya karantuwa. Ya gyaɗa kai. Bai ci abincin rana ba ranar, na ɗauka zafi ne, na cinye nasa.

Ramatu ce ta kama ni, kuma ba nemana take ba. Ta zo ƙarshen wata, ta je Petit Marché sayen kayan miya, ta ga littafi buɗe a ƙasa, iska na kaɗa shafinsa, da rubutun ubanta. Ta shigo gida da shi a cikin kwando tare da tumatir. Ta wuce ɗakin littattafan, ta fara tuɓe rigunan siminti ɗaya bayan ɗaya tana jefar da abin da ke ciki. Mu biyu muna baranda muna jin ƙarar takarda. Tsohon ya kira ta, ya ce ta bari, magana ce tsakaninsa da bawansa. Ta fito ta ce: “Baba, ba naka ba ne kai kaɗai. A gefen shafukan nan na san hannunka, kuma ba za ka sake rubuta ko layi ɗaya ba.” Ta ɗauki gyalenta ta tafi komisariya, wurin 'yan sanda.

A gaban alƙali na gwada hujjata ta taubashi. Ya ce shi ba Bagobiri ba ne, ba Bazabarme ba ne, ba ya wasa da kowa a cikinmu. Abin da aka samo wurin Isufu bai cika rabin kanta ba. Sauran sun bi ɗalibai, wasu ƙila sun naɗe tsire.

Ba zan ba ku labarin zafi da cunkoso da ƙwaro na gidan kaso ba, wasu sun fi ni iya ba da shi. Abin da ya fi cina shi ne hantsi. Duk ranar duniya in rana ta kai wurin nan, sai in ga tsohon a kujerarsa, tabarma ba kowa. A can na tuna malamin nan mai kukan 'ya'yan itace, na daina yi masa dariya. Shi ya gane tun yana da sauran ƙarfi cewa ba girman abin da ka ɗauka ake dubawa ba.

Yanzu ina tsaron awon hatsi a rumfar wani ɗan garinmu a Wadata, kuma na tuba, Allah shaida. Ga abin da zan ce muku, 'ya'yana. Ban taɓa yanke shawarar zama ɓarawo ba. Jarida na ɗauka don ƙosai. In kun ji bakinku ya fara kawo muku hujja mai daɗi a kan kayan da ba naku ba, ku ajiye kayan, hujjar ba ta ƙarewa. Kuma wanda ya ba ku amana don ba ya iya duba ku, makaho ne, tsohuwa ce, mai gidan da ya yi tafiya ne, ku fi jin tsoronsa a kan mai ido biyu. Mai ido zai tsayar da ku tun a jarida.

Sati biyu da fitowata na tattara ƙarfin hali na je Dar es Salam. Ramatu ta dawo Yamai da aiki. Ta buɗe ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta matsa gefe ba ta amsa gaisuwata ba. Tsohon na baranda, ya rame, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Tun kafin in yi magana ya ce wannan jan ƙafar na Bagobiri ne. Na durƙusa na nemi gafara, na yi kuka irin na tsofaffi, marar kyan gani. Ya bar ni na gama. Ya ce ya yafe tun ina can, amma ban kwanan da na hana shi, wannan ba shi da inda zai samo shi, kuma ba zai yi mini ƙaryar cewa ba ya ciwo ba.

Na tambaye shi yaushe ya sani. Ya ce tun ranar da ya sunsuna littafin mulki ya ji warin mangazar wani. Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce da ya yi magana da na gudu, ya rasa littattafan ya rasa mai ja masa sanda. Ya zaɓi ya rasa ɗaya.

Ya sa aka kawo mini ruwa. Muka ɗan taɓa hira, har ya zagi Gobirawa sau biyu, na ji raina ya dawo. Kun san halina, da na ga fuska sai bakina ya kuɓuce. Na ce amma Mushe, tsakani da Allah, karatun nan da na riƙa yi maka daga kaina, ai ba laifi, ko? Wata huɗu fa kana cewa in ci gaba.

Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana ganina.

“Bagobiri, shekara talatin ina sauraron yaran da ba su buɗe littafi ba suna gaya mini abin da ke ciki. Kai ne mafi muni a cikinsu, kuma kai kaɗai ne aka biya albashi.”