Kabewar Iri ta Lawwali

Lawwali manomi ne ɗan manomi, daga wani ƙauye a gefen Mazanya. Shekarar da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyen, ya iso Magama da 'yarsa Nana, da tabarma, da 'ya'yan kabewa bakwai ƙulle a bakin zanen marigayiya matarsa. Irin gidansu ne tun kaka da kakanni, mai jan ciki, wadda miyar taushenta ba ta neman manja. Ba ya jin akwai sauran irin a hannun kowa.

Mutumin da ya saba noma gona guda ya koma tura baro a bakin iyaka, yana dakon buhunan 'yan Maraɗi. Tsakar gidan da aka ba su aro fako ce, ko fartanya ba ta kama ta. Sai ya jera tsofaffin tubala, ya yi ɗan fage mai tudu, tsawon tabarma, ya riƙa ɗebo ƙasar gulbi da kashin awaki a baron nasa har ya cika. Maƙwabta suka sa masa suna mai gonar akushi. 

Cikin bakwai, uku suka tsiro. Akuya ta ci ɗaya, tsutsa ta kashe ɗaya. Ta ƙarshen ta yi yaɗo ta hau katanga, ta yi 'ya ɗaya tak. Ya ɗaura mata jan ƙyalle, yadda ake yi wa ta iri a ƙauyensu, don kada kowa ya taɓa ta sai ta ƙosa.

Saura kamar mako uku ta ƙosa, sai ga ragowar mutanen ƙauyensu, su goma sha ɗaya, sun kwana biyu a daji ba su sa komai a baki ba. Akwai garin dawa a gidan, abin miya ne babu.

"Miƙo mani wuƙa," in ji Lawwali.

Nana ta dube shi. "Baba, ta iri ce hwa. Ba ta ƙosa ba."

"Na sani, ɗiyata. Da mi za su ci tuwon?"

Shi ya yanka ta da hannunsa. Da baƙi suka ƙoshi, ya zuba 'ya'yan a ƙwaryar ruwa, don ƙwaya mai rai nutsewa take yi, fanko kuwa ya taso sama. Ya daɗe a tsugune yana jira. Ko ɗaya ba ta nutse ba.